Ƙaramar Masaƙar Bututu: Abin da Nake So Ki Sani Kafin Ki Ɗaura Zare

 'Yata, an gaya mini kin ƙwallafa rai a kan saƙar zayyana, irin wadda ake ratayawa a bango don ado, kuma abin da ya tsayar da ke shi ne tsadar masaƙar da ake kawowa daga waje. To, ki kwantar da hankalinki, ba sai kin jira wannan kuɗin ba. Da bututun ruwa mita ɗaya da rabi, da gwiwar bututu huɗu, da rodi biyu, da noti huɗu, za ki haɗa masaƙar da za ta yi miki hidima shekara da shekaru. Ni a ganina ma, ko kina da kuɗin a hannu, gara ki fara da wadda kika haɗa da kanki, domin wadda ta san yadda masaƙarta ta tsaya ita ce ke saurin gano inda cutar take idan saƙa ta fara karkacewa.

Ki fara sanin aikin da za ki ɗora mata. Masaƙin fari ko na saƙi, ƙafarsa ke buɗe zare, hannunsa na wurga ƙoshiya, zaren kwance ya tashi daga wannan gefe ya dire a wancan. Saƙar zayyana ba haka take ba. Kowane launi iyakarsa wurin da aka ware masa: ja ya ratsa zare biyar ya juyo, shuɗi ya ratsa bakwai ya juyo, a danne su ƙasa sosai har zaren tsaye ya ɓace, ba a ganin komai sai launi. Yatsu ne ke yin aikin duka. Ita masaƙar abu ɗaya tak ake nema a wurinta, ta riƙe zaren tsaye a miƙe, da tauri, kowane zare daidai da ɗan'uwansa. Idan kin taɓa ganin tsohuwa a gaban masaƙar mata tana danna zare da akwasha, kin riga kin ga siffar abin: itace a sama, itace a ƙasa, zare a tsakani. Manyan masaƙun gidan Gobelins da ke Faris, wanda ya koma hannun sarautar Faransa a 1662, su ma a kan wannan tsarin suke.

Wanda ya yaɗa wannan dabara ta bututu wani masaƙi ne ɗan ƙasar Sikotlan, Archie Brennan, an haife shi a 1931, ya rasu a 2019. Tun yana saurayi, a 1948, ya shiga koyon sana'a a gidan saƙa na Dovecot da ke Edinbara, daga baya ya shugabanci gidan, ya kuma taimaka wajen kafa wani gidan saƙar a Melbon ta Ostireliya a 1976. Mutumin da ya yi aiki a kan masaƙun da suka cika ɗaki, shi ne ya zauna ya zana wa ɗalibai yadda za su haɗa tasu da kayan shagon famfo, ya kuma bar zanen a buɗe, kowa ya kwafa ba da ko sisi ba. Wannan hali nasa yana burge ni ƙwarai, don ya gane cewa sana'a takan mutu ne idan kayan aikinta suka fi ƙarfin mai koyo.

Sai zaɓen bututu, kuma a nan nake so ki natsu. Wanda ya fi shahara a wannan aiki shi ne bututun jan ƙarfe mai tauri, rabin inci, wanda wasu ke aunawa da milimita 15. Ba shi da nauyi, yana da sauƙin yanka, yana da santsi a hannu. Amma ki kula, jan ƙarfen da za ki fi samu a kasuwanninmu shi ne na masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, wanda ake sayarwa a naɗe. Wannan mai laushi ne, don a lanƙwasa shi aka yi shi, da zarar zare ya ja shi zai rusuna. Kada ki saye shi komai arharsa. Idan ba ki sami miƙaƙƙe mai tauri ba, ki nemi farin bututun ƙarfe na famfo, shi ma rabin inci. Ya fi nauyi, amma ba ya jin ja, kuma mai aikin famfo zai yanka miki shi ya fitar masa da haƙori a baki, sai ki murɗa gwiwoyin su shiga. Bututun roba kuwa ya fi kowanne arha, kuma ba zan hana ki gwada shi ba idan shi ne abin da ya sawwaƙa, sai dai ki ɗauki mai kauri, ki kuma taƙaita faɗin masaƙar, don roba tana yin baka a tsakiya, zaren tsakiya ya saki, na gefe ya yi tauri.

Ga awon da nake ba ki shawara. Guntaye biyu masu santimita 30, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa. Guntaye biyu masu santimita 30 kuma, su ne ƙafafun ɓangaren ƙasa. Sai biyu masu santimita 15, ƙafafun ɓangaren sama. Idan kin sa gwiwoyin, za ki ga kin sami ɓangare biyu, dogo da gajere, kowanne da baki biyu a buɗe. Abin da zai haɗa su shi ne rodin nan mai haƙori tun daga wannan baki har wancan, wanda noti ke hawa. Ki sa a yanka miki biyu, kowanne santimita 30. Mai kaurin milimita 12 yakan shiga bututun rabin inci, amma kada ki dogara da lissafi kaɗai, ki tafi shagon da guntun bututunki a hannu ki zura ki gani. Ya shiga ba tare da tilas ba, kuma kada ya riƙa rawa a ciki. Ki murɗa noti biyu zuwa tsakiyar kowane rodi, ki sa washa a bayan kowanne don bakin bututu ya sami wurin zama, sannan ki zura rabin rodin a ƙafar ƙasa, rabi a ƙafar sama. Shi ke nan, masaƙa ta tsaya.

Na san ranki zai raya miki ki ƙara faɗi, ki ce me zan saƙa a santimita 30? Ki daure ki bar shi haka. Zare ɗaya ba ya da wani ƙarfi, amma idan hamsin suka taru suna jan bututu ɗaya, nauyin ba kaɗan ba ne, kuma duk yadda bututu ya ƙara tsawo haka yake ƙara saurin lanƙwasa. Ban da haka, ƙaramar saƙa ita ce ake gamawa. Mai koyo tana bukatar ta ga ƙarshen aiki, ta yanke shi, ta juya bayansa ta duba, ta sake ɗaura wani. Wadda ta fara da babba sau da yawa takan gaji a tsakiya ta jingine, ba ta koyi farko da kyau ba, ba ta ga ƙarshe ba.

Notin nan huɗu da kike gani su ne dalilin da ya sa na fifita wannan masaƙa a kan firam ɗin katako da ake buga wa ƙusoshi. Zaren auduga yana miƙewa. Wanda kika ɗaura da tauri yau, bayan kwanaki kina ja kina dannawa sai ki ji ya saki, kuma yanayin damina da na hunturu ba ɗaya suke a jikinsa ba. A firam ɗin ƙusa, idan zare ya saki ba ki da yadda za ki yi. A nan kuwa sai ki ɗauki sifana ki murɗa notin sama ya hau, ɓangaren sama ya ɗaga, zare ya koma yadda yake. Sharaɗi ɗaya ne: abin da kika yi wa dama ki yi wa hagu. Zagaye biyu a nan, zagaye biyu a can. Ki riƙa auna tazarar da ke tsakanin notin kowane gefe da rula, kada ki bar wa ido shi kaɗai.

Kafin ki liƙe gwiwoyin, ki kwantar da masaƙar a kan daɓe marar tudu da kwari ko tebur, ki tabbata kusurwoyi huɗun duk sun taɓa ƙasa, babu wadda ta ɗaga. Sannan ki auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, ki sake aunawa daga ta sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama. Idan awon biyu ya zo ɗaya, masaƙarki ta daidaita. Idan bai zo ɗaya ba, ki gyara tun yanzu, tun ran gini tun ran zane. Jan ƙarfe ana liƙe shi da dalma, kuma wannan aikin wuta ne, ki kai wa wanda ya iya. Idan ba haka ba, gam ɗin nan mai ƙarfi da ake cakuɗa kala biyu ya wadatar, ki bar shi ya kwana kafin ki taɓa. Gwiwar da ba a liƙe ba za ta riƙa juyawa idan zare ya ja, masaƙar ta murɗe. Bakin duk inda zarto ya bi ki goge shi da magagari ko sanfefa, don yana da kaifi, kuma gidanku akwai yara. Ki wanke bututun da sabulu ki shanya, saboda maiƙon shago da dattin ƙarfe suna ɓata farin zare.

Wadari shi ne inda haƙurinki zai fara aiki. Zaren tsaye ya zama na auduga mai murɗi sosai, wanda idan kin naɗe a hannu biyu kin fizga ba zai tsinke da sauƙi ba. Kada ki yi wadari da ulun saƙa hula, yana talewa, kuma zaren leda santsi gare shi, zaren kwance ba ya zama a kansa. Ki manna tef na takarda a bututun sama da na ƙasa, ki yi masa alama inci inci, alamun sama su yi daidai da na ƙasa. Ki matso da notin kusa da juna, ki bar 'yar tazara kaɗan, don ki sami wurin ƙarawa da na ragewa. Ki ɗaure bakin zaren a bututun ƙasa, ki hau da shi. Ka'idar ita ce, kullum ki zo wa bututu ta gabansa, ki zagaye shi ki fita ta bayansa, sama da ƙasa duk haka. Za ki ga zaren yana gilma juna a tsakiya, ya ba da siffar lamba 8 idan an duba ta gefe. Wannan gilmawar ce ke tsare jerin zaren kada wani ya haye wani, kuma ita ce ke buɗe miki hanya ɗaya kyauta, ɗayar kuwa da yatsu za ki riƙa tsintar ta.

Zare takwas a kowane inci ya isa mai koyo, wato zagaye huɗu a tsakanin kowace alama biyu. Idan faɗin saƙarki inci shida ne, zare 48 ke nan, kuma kin bar wa hannunki wuri a gefe da gefe. Kada ki ja da ƙarfi lokacin naɗi, abin da ake so shi ne jan ya zama iri ɗaya, tauri aikin noti ne daga baya. Kada ki tashi a tsakiyar wadari, ko sallama aka yi ki sa wani ya amsa, domin hannun da ya huta ya dawo ba ya ja kamar yadda ya bari. Idan kin kai ƙarshe, kafin ki ƙulle, ki bi zaren ɗaya bayan ɗaya daga farko kina jawo sakin zuwa gaba, har ki tara shi a na ƙarshe. Sai ki ɗaure, ki murɗa noti. Ki rufe ido ki shafa tafin hannunki a kai. Ya kamata ki ji shi kamar tsirkiyar garaya, kowanne na amsawa da murya ɗaya. Wanda ya yi laushi yatsa zai nuna miki shi kafin ido ya gani. Ki ba wannan mataki duk lokacin da ya nema, don zaren da ya saki a wadari zai fito a jikin saƙa ya zama tudu, kuma babu dannawar da za ta kwantar da shi.

Kafin launi ya shiga, ki saƙa layi kaɗan da irin zaren wadarin, ki ja su da tauri ki ɗaure a bututun gefe, su zama tushen da saƙar za ta zauna a kai. A nan ne za ki daidaita tazarar zaren da bakin allura, ɗaya bayan ɗaya. Abin dannawa kuwa, cokali mai yatsu na kicin ya isa, in dai mai ɗan nauyi ne.

Zaren kwance ya zama mai laushi, mai yarda a danne shi. Ulun kasuwa zai yi miki don koyo. Abawa ma tana yi, kuma idan aka rina ta da baba, irin rinin da har yau ake yi a marinar Ƙofar Mata a Kano, shuɗinta ba shi da na biyu. Sirara biyu ko uku masu launi daban idan kin haɗa su kin saƙa tare, sai su ba ki launin da babu shi a shago. Kuskuren da kusan kowace mai koyo ke faɗawa shi ne jan zaren kwance ya miƙe. Ki tuna shi ne ke hawa yana sauka a kan zaren tsaye, don haka yana cin tsawon da ya fi faɗin saƙar. Ki shigar da shi a lanƙwashe, ki yi masa 'yan tuddai ƙanana, sannan ki danna. Idan kin ja shi, gefen saƙar zai riƙa shigowa ciki a hankali, ba za ki farga ba sai kin ga sama ta fi ƙasa ƙunci. Ki ajiye rula kusa, duk bayan yatsa biyu na saƙa ki auna faɗi. Wata ka'idar kuma, launi biyu da ke maƙwabtaka a layi ɗaya su riƙa tafiya da saɓani, ko su fuskanci juna ko su ba juna baya. Idan kin kiyaye wannan, duk lokacin da ɗaya zai shiga wurin ɗayan zai tarar da hanyarsa daidai. Inda suka haɗu a kan layin tsaye tsaga za ta fito. Gajeriya ki ƙyale ta, masu saƙa shimfiɗun kilim na Turkiyya da Iran da gangan suke barin ta, doguwa kuwa ki ɗinke da allura ta baya.

Me za ki fara saƙawa? Ratsi tukuna, sannan murabba'i, sannan dala mai hawa mataki mataki. Na san idonki na kan dagi, amma dagi duk lanƙwasa ne da saƙale, ki bar shi sai hannu ya faɗa. A wannan saƙa da'ira ba ta fita sumul, da ƙananan matakai ake gina ta, kuma layin kwance ya fi na tsaye fita da kyau. Shi ya sa masaƙan da suka gabata sukan kwantar da zanen a gefensa su saƙa shi haka, sai an gama a miƙar da shi. Ki zana abin da kike so a takarda da baƙin alƙalami mai kauri, ki maƙala ta a bayan zaren kina bi. Idan zuciyarki ba ta kwanta da saƙa siffar mai rai ba, babu abin da kika rasa. Zayyanar allo, da askar babbar riga, da adon bangon tsofaffin gidajen Zariya da Damagaram, sun ishi mutum aiki har ƙarshen rayuwarsa.

Kada kuma ki ɗauka sai wanda ya yi makarantar zane ke iyawa. A ƙauyen Haraniyya, kusa da dalar Giza a Masar, wani masanin gine-gine mai suna Ramses Wissa Wassef ya tara yaran ƙauye a farkon shekarun 1950, ya ba su ƙananan masaƙu na tsaye da ulun da aka rina da tsirrai. Bai ba su zanen da za su kwafa ba, ya kuma hana manya kushe musu aiki. Abin da ke cikin kansu suka riƙa saƙawa kai tsaye, kuma ayyukan waɗannan yara sun kai ga manyan gidajen tarihi na duniya. A nan yammacin Afirka ma, Senigal ta buɗe gidan saƙar zayyana a garin Tiyes a 1966, zamanin shugaba Senghor, ana mayar da zanen 'yan ƙasar ya koma saƙa. Ina kawo miki waɗannan ne don ki san sana'ar tana da gindi a nahiyarmu, ba baƙuwa ba ce da za ki ji kunyar shiga.

Ki kula da jikinki. Ki jingina masaƙar da gefen tebur ko ki ɗaure ta da kujera, yadda wurin da kike saƙawa zai zo daidai ƙirjinki, ba ki sunkuya a kanta ba. Ki zauna inda haske ke zuwa ta gefe, ki riƙa tashi kina miƙe baya. Aikin nan a hankali yake tafiya, tsawon yatsa guda a zama ɗaya ba abin raini ba ne, manyan gidajen saƙa sukan shafe watanni, wani lokaci shekaru, a kan aiki ɗaya.

Idan saƙa ta kai kusan kashi biyu cikin uku na tsayin masaƙar, za ki ji hanya ta fara matsewa, yatsu ba sa shiga da sauƙi. Nan ne wurin tsayawa. Ki rufe da layi kaɗan na zaren auduga kamar yadda kika fara, ki bi kowane zare biyu da ƙulli don kada saƙar ta warware. Ki sassauta noti tukuna kafin ki sa almakashi, ki bar wa kowane zare jela mai tsawon yatsa. Ki shimfiɗa aikin ya kwana ɗaya ya huta, zai ɗan tsuke ya zauna a siffarsa ta gaskiya. Sannan ki naɗe bakin sama da na ƙasa zuwa baya ki ɗinke. Idan za ki goge, ki ɗora ɗanyen tsumma a kai, kada dutsen guga ya taɓa zaren kai tsaye, musamman ulun kasuwa da zafi ke narkarwa. Ki rataye shi inda rana ba ta dukansa, idan kuma na gashin tumaki ne ki riƙa kakkaɓe shi kina duba bayansa saboda asu. Rodin nan kuwa, idan damina ta kama, ki goga masa ɗan mai da tsumma kada tsatsa ta sa noti ya cije, amma ki kula man kada ya kusanci zare.